Baƙon Jiya: Tafiya Cikin Zamani a Labaran Matasa

Bahaushe yana kiran kakanninsa magabata, wato waɗanda suka yi gaba. Ƴaƴa da jikoki kuwa, da duk wanda bai riga ya zo duniya ba, su ne na baya. Amma bakin da ya faɗi haka shi ne kuma zai ce abu ya faru a baya, ko za a yi shi nan gaba. Ke nan a harshe guda jiya tana gaba, tana kuma baya, gwargwadon abin da mai magana ya duba: in ayarin mutane ne, tsofaffi ke kan gaba, in kwanaki ne, su aka bari a baya. Duk malamin da ya taɓa ƙoƙarin fassara wa ɗalibai abin da Faransawa ke kira *voyage dans le temps* ya san wannan ƙulli. In ya ce komawa baya, yaro zai ji ci-baya. In ya ce riskar magabata, yaro zai ji mutuwa, domin ita kaɗai ce hanyar da aka sani ta cim musu.

Maganar ba ta tsaya ga fassara ba. Labaran mutumin da ya fita daga zamaninsa ya faɗa wani sun riga sun iso Mayahi da Tasawa, kuma mafi yawansu ba ta ɗakin karatu suka shigo ba. Ta wayar salula suka biyo, cikin finafinan Indiya da na Amurka da aka ɗora wa muryar Hausa a Kano, waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya a rumfar masu caji. Yaran da suka kalla sun soma rubuta nasu, da Faransanci a takardar jarrabawa, da Hausa a bayan littafin lissafi. Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu suna da zaɓin su yi kamar ba su gani ba, amma yin haka ba zai hana yaran rubutawa ba, sai dai ya bar su da dokokin da suka aro ba tare da sanin mafarinsu ba.

Dokokin nan suna da tarihi, kuma ba mai tsawo ba ne. Baturen Ingila H. G. Wells shi ya sa na'ura ta shahara cikin lamarin a shekarar 1895. Kafin shi, galibi barci ko mafarki ko sihiri ke kai mutum wani zamani. An buga fassarar littafinsa da Faransanci, *La Machine à explorer le temps*, a 1899, shekarar da za a sake ambata nan gaba saboda wani dalili daban. Daga baya René Barjavel, a cikin *Le Voyageur imprudent* na 1944, ya tura gwarzonsa ya kashe Bonaparte tun yana ƙaramin hafsa a yaƙin Toulon, sai harsashin ya sami ɗaya daga cikin kakannin maharbin. To, in kakan ya mutu bai haihu ba, wa ya yi harbin? Wannan sarƙaƙiya ita ce uwar yawancin sharuɗɗan da littattafan matasa suka gāda: kada a gan ka, kada ka taɓa kome, kada ka haɗu da kanka, ka koma kafin wa'adi. A littafi na uku na Harry Potter, wanda ya fito a 1999, yaran sun koma sa'o'i uku kacal, kuma duk abin da suka aikata ya zamana dama ya riga ya faru. Dabara ce mai kyau, amma ta agogo ce. An ƙera ta ne don mutanen da damuwarsu ita ce ko dalili zai iya bin sakamako a baya.

A ƙasar Hausa damuwar daban ce, kuma kayan aikin sun girmi Wells nesa ba kusa ba. Yaron da ya yi karatun allo ya san As'habul Kahafi tun kafin ya san harafin boko, ya kuma ji ana karanta surarsu kowace Juma'a. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, samari ne. Sun gudu da imaninsu, sun kwanta a kogo da karensu, sun farka suna zaton ko yini ɗaya ba su cika ba, alhali shekara ɗari uku da tara sun shige. Abin da ya tona asirin zamanin ba wani babban al'amari ba ne. Yunwa ce ta sa suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa ya sayo abinci, kuma masu tafsiri sun bayyana cewa mai sayarwa ne ya dubi kuɗin ya ga na wani sarki ne da ya daɗe da shuɗewa. Haka nan mutumin da ya wuce wata alƙarya rusasshiya a Suratul Baƙara, wanda yawancin malamai ke cewa Uzairu ne: shekara ɗari ya yi, abincinsa bai lalace ba, jakinsa kuwa ya zama ƙasusuwa. A duka biyun ba na'ura, ba kuma mai tuƙi. Mutum bai zaɓi tafiyar ba, an ɗauke shi ne, gaba aka kai shi, kuma ƙaramin abu na hannu shi ya shaida masa nisan da ya yi. Marubucin da ya fahimci darajar wannan kuɗin azurfa ya fahimci rabin sana'ar.

Adabin boko na farko ya bi wannan sawu. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 akwai *Ganɗoki* na Bello Kagara. Jarumin ya yi yaƙi da Turawan Ingila, ya bi gabas, ya faɗa ƙasashen aljannu tare da ɗansa, sa'annan ya komo gida ya tarar da mulkin Nasara ya kafu, yara suna zuwa makarantar boko. Ba a kira shi labarin tafiya cikin zamani ba, amma shi ne: mutumin jiya aka tsallakar da shi aka ajiye a yau don ya duba. Sai dai mai karatu ya tuna wa ya shirya gasar da kuma wa zai buga littafin. Mai barcin da ya farka yakan zama shaidan da masu mulkin ranar ke so, ya zagaya yana mamakin ci-gaba. Wannan ita ce cutar da ke bin irin wannan zubi, kuma ba ta mutu da mulkin mallaka ba.

Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a cikin *Tauraruwa Mai Wutsiya* a 1969, amma nisan wuri ya ratsa, bai taɓa zamani ba. A Nijar, Bubu Hama ne ya fi kusantar batun. Littafinsa na 1973, *Le Double d'hier rencontre demain*, ya ɗora labarin a kan Bi da Suba, sunayen da a Zabarmanci suke nufin jiya da gobe: babba yana jan yaro cikin duniyar da ido ba ya gani don ya koya masa. Littafi ne mai nauyi, ba kowane ɗan kwaleji zai kai ƙarshensa ba, kuma abin takaici ne yadda samunsa ya yi wuya a ƙasar marubucinsa. Amma ya nuna cewa a nan, jiya malama ce da ake zuwa ɗaukar karatu wurinta.

Tatsuniya kuwa ba ta da shekara. Gizo bai tsufa ba, Ƙoƙi ba ta san sarkin da ke kan gado ba. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san an shiga filin ƙarya mai izini, da dare, kuma ƙurunƙus zai rufe ƙofar. Labari da tarihi su ne na rana, na maza a bakin fada, waɗanda ake iya ƙaryata mai ba da su. Tafiya cikin zamani ta zo ta tsaya da ƙafa ɗaya a kowane ɓangare: tana ɗaukar ƙaryar tatsuniya ta dasa ta a cikin shekara mai lamba da gari mai suna. Rashin jin daɗin da malamai da yawa ke yi da ita daga nan ya taso, ko da ba su faɗe shi da wannan lafazi ba.

Wata takarda ta nuna haka a wata kwaleji ta wannan yanki. An ba ƴan aji na huɗu aikin ƙaga labari, sai wata yarinya ta rubuta na wata ɗaliba da ta faɗa tsohuwar rijiya a Gulbin Kaba ta fito a daminar 1899. Ba sai an gaya wa mutumin Tasawa abin da wannan shekara take nufi ba. Ayarin sojan Voulet da Chanoine ya taso daga bakin Kwara a watan Janairu, ya yi karo da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, ya ƙone Birnin Ƙwanni a watan Mayu, ya bi gabas yana barin toka da gawawwaki har Koran Kalgo. A Ɗankori, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb da gwamnatin Faransa ta aiko ya tsai da shi. Cikin kwana uku su ma kaftin ɗin biyu sojojinsu suka kashe su, kuma kaburburansu suna Mai Jirgi. Yarinyar cikin labarin ta san duk wannan daga darasin tarihi. Ta bi ƙauyuka da gudu tana gargaɗi, mutane suka saurare ta, suka yi kwanton ɓauna, suka hallaka ayarin, Nasara bai ƙara takowa ƙasar ba. Rubutun yana da rai, kurakuran nahawunsa kaɗan ne.

Takardar ta zagaya ɗakin malamai. Wani dattijo cikinsu ya karanta ya ajiye, ya ce wa mai ajin: "Mushe, wannan ai gyaran ƙaddara ne. Abin da Allah ya riga ya hukunta, yarinya za ta koma ta warware?" Wani matashi kuma ya ce shi abin da ya gani kwaikwayon fim ne kawai, an canja na'ura da rijiya.

Maganar dattijon tana da tushe, bai kamata a yi mata dariya ba. Akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ke gargaɗi a kan cewa da na yi kaza da kaza ya faru, domin wannan kalma tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Bahaushe ma ya ce da-na-sani ƙeya ce. Amma gargaɗin a kan mutumin da ke cizon yatsa ne a kan abin da ya same shi, yana jayayya da hukuncin Ubangijinsa. Harshen da ke da ginin "da… da…" bai haramta amfani da shi ba, kuma malamin Faransanci yana shafe makonni yana koyar da takwaransa, yana ba da maki a kansa. Yarinyar ba ta yi da'awar ta sauya kome ba. Kaburburan suna nan inda suke, ta kuma sani.

Aibin takardar yana wani wuri da duka malaman biyu ba su taɓa ba. A cikin labarin, mutanen 1899 suna zaune ne kamar tumaki har sai da ƴar lakwal ta zo daga gobe ta buɗe musu ido. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma cin fuska ne ga magabata, ko da ba da niyya ba. Labarin ayarin yana riga shi isa ko'ina. Sau da yawa sojan sukan tarar da gari fayau, an kwashe mata da yara da dabbobi an shiga daji. Waɗanda suka tsaya sun san abin da suke fuskanta, sun auna, sun zaɓa. Damina ce, gero yana gona, kuma mai iyali da ya gudu a watan Yuli ya san da yunwar baɗi ya yi musaya. Bugu da ƙari, Turawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Sauran ɗaruruwan, masu bindiga da masu dako da waɗanda aka kama a hanya, baƙar fata ne, wasu an tilasta su, wasu ganima ta kawo su. Wa yarinyar za ta sa a kashe a kwanton ɓaunarta? Kuma mutuwar kaftin biyu ba ta tsai da kome ba: kafin watan Yuli ya ƙare ragowar ayarin ya shiga Damagaram. Labarin da ya share duk wannan da gudun yarinya ɗaya ya ba mai karatu daɗi na minti goma, ya kuma koya masa cewa kakanninsa rashin wayo ne ya ci su.

A nan cutar Ganɗoki ta sake fitowa da wata riga. Mai barcin da ya farka yana yaba wa yau. Mai komawa jiya don gyara shi ma yau yake yabo, domin ya ɗauka ita ce mai ilimi. Akwai wata marubuciya baƙar fata ta Amurka, Octavia Butler, da ta ƙi wannan sauƙi. A littafinta na 1979, wanda aka fassara da sunan *Liens de sang*, ana fizgar wata mata daga 1976 zuwa gonar bayi, kuma aikin da ya hau kanta shi ne ta ceci ran Baturen da ya mallaki bayin, saboda shi ma kakanta ne. Iliminta na zamani bai hana a yi mata bulala ba. Ta komo gida ba hannu ɗaya. Ana karantar da littafin a makarantun sakandare na can, kuma malamin da ke koyar da *Shaihu Umar* zai sami abin haɗawa, domin ƙasar Hausa ta 1899 ita ma tana da bayi da kasuwarsu, abin da labaran jarumtaka kan tsallake.

In ana neman doka ta gida da za ta maye gurbin dokar agogo, ba sai an je nesa ba. Wanda ya faɗa wani zamani baƙo ne, kuma Bahaushe ya daɗe da tsara baƙunci. Baƙo yana sallama, ana tambayarsa daga ina, ana kai shi wurin mai gari, ana ba shi masauki da mai masauki wanda zai amsa laifinsa. Ba ya gyara wa masu gida zaman tukunyarsu. An ce baƙo ko da ido makaho ne, an kuma ce raɓa ne, hantsi na yi ya tafi. Duk abin da marubutan Turai suka nema da sharaɗin kada a taɓa kome yana cikin wannan, amma dalilin ya sauya: a can tsoron rushewar lissafi ne, a nan kunya ce da sanin matsayi. Kuma ta fuskar ƙaga labari wannan ya fi albarka, domin makaho dole ya yi tambaya, dole ya yi kuskure, dole wani ya ja masa gora. Jarumin da ya san kome tun shafin farko ba abin da zai same shi.

Sai dai wannan hanya tana da tsada ga marubuci. Mai gyaran tarihi shekara da sunan mugu kawai yake bukata. Mai rubuta baƙo sai ya san abin da ake ci, da abin da ake sawa, da yadda ake gaisuwa, da irin itatuwan da ke gulbi kafin gatari da fari su rage su. Sai ya san cewa mutanen da zai sauka wurinsu ba sa ƙirga shekara da lamba. Da abin da ya faru suke kiranta, kamar yadda aka kira yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba, aka kira ta 1984 Ƴar Buhari. Littafin tarihi na aji ba ya ɗauke da waɗannan. Suna bakin tsofaffi, kuma tsohon da ya ji labarin Ɗankori daga wanda ya gani da idonsa, in akwai shi, yau shi ma ya manyanta. A nan ne ƙungiyoyin al'adu suke da aikin da ya fi shirya bikin rawa sau ɗaya a shekara. An fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, gidajen ɗab'i irin su Albasa da Gashingo sun fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka, ɗan shekara goma sha biyar da ke son labari mai motsi da Hausa, wanda ya faru a ƙasarsa, galibi sai ya koma ga littattafan soyayya na Kano ko fim mai fassara.

Mai ajin bai soke takardar ba, bai kuma ba ta makin da ta sa rai ba. Ya mayar mata da ita da sharaɗi guda: ta bar rijiyar, ta bar shekarar, amma ta hana yarinyar cikin labarin faɗa wa kowa abin da zai faru, ta ga abin da zai rage. Ta yi gunaguni, ta ce: "Mushe, to me za ta je yi?" Ya ce ta tambayi kakarta.

Abin da ta kawo bayan mako biyu bai kai na farko tsawo ba, kuma ba a harba bindiga ko ɗaya a cikinsa ba. Yarinyar ta fito daga rijiya da yunwa, ta bi hanya har kasuwar Tasawa, ta tsaya gaban mai fura ta miƙa dala ashirin. Matar ta juya ƙarfen a tafin hannunta, ta mayar mata, domin ita wuri ta sani. Ta dubi kayan lakwal da ke jikinta, ta ji Hausarta mai gauraye da kalmomin da ba ta taɓa ji ba, sa'annan ta dama mata furar kyauta, kamar yadda ake yi wa baƙo. Can gabas da kasuwa ana ta sayen igiya da salka fiye da kima, wasu na ɗaure kaya a kan jakuna tun rana ba ta yi tsaka ba, ba wanda ya ce kome. Mai furar ta jira ta shanye, ta ce: "Ɗiyata, ɗiyar wa ce ke a garin nan?" Yarinyar ta faɗi sunan ubanta, matar ba ta san shi ba. Ta faɗi na kakanta, ta faɗi na uban kakanta, duk ba a haife su ba tukuna. Sunan da matar za ta gane shi ne na huɗu, kuma yarinyar ba ta taɓa tambayar kowa shi ba.